Jirgin Ƙasa a Kan Tebur: Ranar da Ake Fitar da Shi Baje Koli

Yau tafiya za mu yi zuwa Ingila, wurin wasu bayin Allah da suka riƙi wani aikin hannu suna yi a lokacin hutunsu, shekara da shekaru, ba tare da kowa ya biya su ko kwabo ba. Ƙananan jiragen ƙasa suke tarawa, masu tafiya da wutar lantarki, wasu su saya, wasu su ƙera da kansu. Sai su shimfiɗa musu dogo a kan katako, su gina tasha da gada da gidaje da gonaki a gefe, komai a kan ma'auninsa. Wannan gini duka shi za mu riƙa kira shimfiɗa a hirar tamu. Abin da nake so mu duba shi ne ranar da mai shimfiɗar zai fito da ita daga ɗaki, ya loda a mota, ya kai zauren baje koli, ya tsaya a bayanta kwana biyu cur yana nuna wa mutanen da bai taɓa gani ba. A ganina, a nan ne ake sanin ko aiki ya yi.

Na san wani zai ce ai wannan wasan yara ne. Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna, in an jima sai ku yanke hukunci.

Mu fara da ma'auni, domin in ba a gane shi ba, sauran bayanin ba zai zauna ba. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ake kira HO, wato kashi 1 cikin 87. Duk abin da ka gani a tashar jirgi ta gaske, ka raba tsawonsa gida 87. Mutum mai tsawon mita 1 da santimita 75 zai dawo santimita 2, bai wuce gaɓar ƙarshe ta ɗan yatsanka ba. Faɗin dogo, wanda a yawancin ƙasashen Turai milimita 1,435 ne, zai dawo milimita 16 da rabi. To amma ga inda gizo ke saƙar: kilomita guda ta dogo, ko bayan an rage ta haka, sai ta ci mita 11 da rabi. Wa ke da ɗakin da zai ɗauki tafiyar kilomita goma? Saboda haka dole mai gini ya zaɓa. Ya ɗauki tasha guda, ko farfajiyar da ake sauke kaya, ko wata gada a bakin kogi, ya ce nan zan tsaya.

Su kuwa Turawan Ingila nasu ma'aunin daban ne, suna kiransa OO, kashi 1 cikin 76. Dalilin kuwa shi ne jiragen Birtaniya na gaske sun fi na Jamus da na Amurka ƙanƙanta, kuma injinan lantarki na shekarun 1930 ba sa shiga cikin ɗan jikin jirgin idan aka rage shi gida 87. Sai masu ƙira suka ɗan ƙara girman jikin, suka bar dogon a milimita 16 da rabi. Har gobe haka abin yake, jiki ya ɗan fi ƙarfin dogonsa. Akwai waɗanda wannan bambanci na milimita biyu da ɗoriya ya hana su barci, har suke shimfiɗa dogonsu da hannu a kan milimita 18.83 domin ya dace daidai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin mutanen da muke magana a kansu.

Sha'awar ta daɗe. Kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jiragen wasa masu dogo mai tsayayyen faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig tun 1891. A Ingila, Frank Hornby na birnin Liverpool ya fito da nasa a 1920. Akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa a Landan da aka kafa a 1910, kuma tana nan har yanzu. A yau kusan babu ƙarshen makon da za a yi a Birtaniya ba a buɗe wani baje koli irin wannan a wani gari ba, a zauren makaranta, ko na coci, ko na wasanni.

Yanzu mu zo ga aikin kansa.

Shimfiɗar da za ta zauna a gida da wadda za ta riƙa yawo, tun daga katakon farko gininsu ya bambanta. Ta gida kana iya kafe ta da bango ka manta. Ta yawo kuwa dole ta rabu gida-gida. Yawanci ana yin kowane ɓangare tsawon kamar santimita 120, faɗin 60, da katako marar nauyi, yadda mutum biyu za su ɗauka su bi ta ƙofa, su sauka matakala, su sa a mota ba tare da sun karya wa kansu baya ba. Mai hankali tun kafin ya yanka katako yake zuwa ya auna bayan motarsa. Da yawa sun gina abin burgewa, sai a ranar fita suka tarar ƙofar ɗakin ta yi masa kaɗan.

Ku matso mu dubi wuri guda da kyau, wato mahaɗar ɓangare biyu. A nan dogo yake yankewa, rabi na wannan katako, rabi na wancan. Idan bakin ƙarfen nan ya kauce wa ɗan'uwansa da ko rabin milimita, ƙafar jirgi za ta hau, jirgi ya goce, taragai su kife a gaban jama'a. Don haka ake kafa wasu turakun ƙarfe ƙanana a goshin katakon, kowanne da raminsa a ɗaya ɓangaren, yadda duk sanda aka haɗa za su koma gurbinsu daidai, sannan a ɗaure da noti. Ƙarshen dogon kuma a liƙe shi da dalma a kan sukuru na tagulla ko wani ɗan faranti, don kada rigar mai ɗauka ta kama shi ta tuge. A ƙarƙashi ga wayoyi, kowace da launinta da lambarta, suna ƙarewa a filogi, domin wuta ta tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan. Mai kallo ba zai taɓa ganin wannan aiki ba, labule ya rufe shi. Amma shi ne ke riƙe da mutuncin mai shimfiɗar ranar Asabar.

Sai lodi. Bishiyoyin nan da aka murɗa da siririyar waya, da turakun sigina, da fitilun tasha, abu kaɗan ke karya su. Dabarar da aka saba ita ce a kifa ɓangare biyu fuska da fuska, a ɗaure su da allo a kowane gefe, su zama akwati, adon yana ciki ba ya taɓa komai. Jiragen kuma kowanne da gurbinsa a cikin soso.

Ranar Juma'a da yamma ake shiga zaure. Masu shiryawa sun riga sun zana wa kowa filinsa a ƙasa. A kafa ƙafafu, a ɗora ɓangarori, a ɗauko ma'aunin nan mai ruwa a ciki da magina ke duba daidaiton gini da shi, domin daɓen zaure ba ya taɓa zama daidai, kuma in shimfiɗa ta karkata ko kaɗan, taragon da aka ajiye zai gangara da kansa. A rataya fitilu a sama, a ja labule a ƙasa, a kunna wuta. Daga nan sai a saki kan jirgi guda ya bi kowane layi a hankali, ana bin sa da ido. Sau da yawa abin da ya yi aiki lafiya lau a gida jiya, yau ya ƙi. Girgizar hanya ta kwance waya, ko sanyin mota da zafin zaure sun sa ƙarfen dogo ya motsa, domin ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, shi ya sa ma ake barin 'yar tazara tsakanin sanda da sanda, yadda ake yi a dogo na gaske. Za ka ga dattijo ɗan shekara saba'in kwance a ƙasa ƙarƙashin tebur da tocila a baki, yana neman wayar da ta tsinke, har a zo rufe zaure.

Babban abokin gaba kuwa ƙura ce. Jiragen nan ta ƙafafunsu suke shan wuta daga dogo, kuma inda ƙafa ke taɓa dogo bai kai kan allura ba. Ƙura kaɗan ko maiƙon hannu ya isa ya tsayar da jirgi cak. Saboda haka kowace safiya kafin a buɗe ƙofa sai an goge dogon kaf, an wanke ƙafafun jirage ɗaya bayan ɗaya. Zauren da dubban mutane ke kai da kawowa kuwa ƙura ba ta ƙarewa, da rana ma sai an sake.

Game da wutar, hanya biyu ce. Ta da, ana sakar wa dogo wuta har zuwa bolt 12, in ka ƙara jirgi ya ƙara gudu, in ka juya ta ya koma da baya. Matsalarta, duk jiragen da ke kan layi ɗaya tare za su tashi, sai an yanyanka dogon sashe-sashe da makunnai. Sabuwar hanya, wadda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro a shekarun 1980, kuma ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka ta mayar da ita ƙa'ida a shekarun 1990, ana kiranta DCC. A nan kowane kan jirgi yana da ɗan allon lantarki a cikinsa da lambarsa, sai ka kira lambar ka ba shi umarni shi kaɗai. Har sifika ake sa masa, ka ji hucin tururi da jiniya waɗanda aka naɗo daga jirgi na gaske.

An buɗe ƙofa, jama'a sun shigo. Me suke gani?

Mu ce wata 'yar tashar ƙauye ce a Ingila ta shekarun 1950. Ga jirgi ya ɓullo daga ƙarƙashin gada, ya rage gudu, ya tsaya. Aka ɗaga sigina, kan jirgin ya rabu da taragai, ya zagaya ta ɗaya layin, ya ja taragon kwal ya kai shi inda ake saukewa. Ku dubi taragon nan. Sabo fil ya fito daga kwali yana ƙyalli, amma mai shi ya zauna da buroshi da garin fenti ya tsufar da shi. Ya sa tsatsa a inda ruwa ke kwanciya, ya sa baƙin kwal a bakin ƙofa, ya canza launin katako guda a jikinsa don a ga kamar an taɓa gyara shi. Kwal ɗin da ke ciki ma kwal ne na gaske da aka daka aka tankaɗe. Ciyawar gefen dogo wasu ƙananan zaruruwa ne da ake sa wa cajin lantarki su miƙe tsaye a cikin gam. Ga wani ɗan mutum ya jingina kekensa da katanga yana hira da mai tsaron ƙofa. Mutum yakan tsaya minti goma a gaban faɗin hannu biyu bai gama gani ba.

Daga ina jirgin ya ɓullo, ina kuma zai tafi? A bayan gadar nan akwai wani sashe da aka ɓoye, babu ado, layuka ne kawai a jere da jirage suna jiran lokacinsu. Wannan sashe shi ne yake tsayawa a madadin sauran duniya, shi ne Landan, shi ne bakin teku. Mai aiki a wurin yana juya jirage da hannu, yana sauya taragai, yana shirya na gaba. Yawancin ƙungiyoyi suna da jadawali a rubuce, kati bayan kati, kowane motsi da lambarsa.

Akwai abu biyu da ke raba gwani da ɗan koyo a nan. Na farko gudu. Jirgin da ke tafiyar kilomita 60 a awa, in aka rage shi gida 87, santimita 19 kacal zai ci a daƙiƙa guda. Ɗan koyo yakan murɗa wuta jirgi ya fyalla kamar an koro shi, nan take abin ya koma kayan wasa. Gwani kuwa sai ya tashi jirgi a hankali, har ka ji a jikinka cewa abu mai nauyi ne ke motsawa. Na biyu, kada a bar fili shiru. A tashar ƙauye ta gaske ana iya yin awa biyu jirgi bai wuce ba. Wanda ya biya kuɗin tikiti ba zai jira ko minti biyu ba. Dole wani abu ya riƙa motsi koyaushe. Masu tsananin son gaskiyar tarihi sukan yi ƙorafi a kan wannan, amma ni ina bayan mai kallo. In kana son bin jadawalin gaske minti da minti, ka yi a ɗakinka. Tunda ka fito, haƙƙin baƙo ya hau kanka.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da ya fi damuna a duk maganar. An daɗe ana muhawara a tsakaninsu kan tsayin tebur. In aka ɗaga shimfiɗa ta kai kusan ƙirjin babba, ta fi kyan gani, domin kana kallon jirgi ta gefe kamar kana tsaye a bakin dogo. To amma yaro ɗan shekara shida fa? Da wanda ke zaune a kan keke saboda lalurar ƙafa? Su labule kawai za su gani. Wasu masu shiryawa sukan tanadi 'yan kujerun takawa, wasu su ba da aron wani bututu mai madubi biyu da ke ɗauko hoton sama ya kawo wa na ƙasa. Iyaye da yawa da kujerarsu suke zuwa. Duk wanda ya gina shimfiɗar fita bai yi tunanin waɗannan mutane ba, a wurina aikinsa da saura, komai kyansa.

Haka kuma za ka tarar da shimfiɗa ta gani ta faɗa, amma masu ita sun haɗa kai suna hirarsu, ba sa ko ɗaga ido su dubi mai kallo. Gaba kaɗan kuma ga wata 'yar ƙarama, ba ta kai waccan kyau ba, amma mai ita ya fito gaba yana amsa tambaya. Da me ka yi bishiyar nan? Wata nawa ta ɗauke ka? Ya sunkuya ya nuna wa yaro yadda ake sauya layi, har ya miƙa masa na'urar ya ce, riƙe, murɗa a hankali. Ku dubi fuskar yaron nan sanda jirgi ya motsa da umarninsa. Ba zai manta ba. Tambaya ɗaya za a yi wa mai shimfiɗa sau ɗari a wuni, kuma na ɗarin ma ya cancanci amsa da sakin fuska irin ta na farko. Gaskiya ne akwai shinge tsakanin jama'a da shimfiɗa, kuma dokar ita ce a kalla da ido ban da hannu, domin aikin wata uku yatsa guda ke rushe shi. Amma ana iya faɗin haka da murmushi.

Kada ku ɗauka akwai riba a ciki. A al'adar Birtaniya, wanda aka gayyata da shimfiɗarsa ba a biyansa lada. Ana mayar masa da kuɗin mai ko na hayar mota, a ba shi masauki in daga nesa yake, da abincin rana. Ƙungiyar da ta shirya kuma da kuɗin tikiti da na rumfunan 'yan kasuwa take biyan zaure da inshora, in an samu rara ta biya hayar ɗakin da take taruwa. Ranar Lahadi da yamma a kwance komai, a loda, a kama hanya cikin dare, Litinin mai zuwa aiki ya tafi aiki.

Wani abu ya faru a watan Mayun 2019 da ya nuna matsayin wannan aiki a zukatan mutane. Ƙungiyar garin Market Deeping ta shirya baje kolinta a zauren wata makaranta a garin Stamford. An kafa komai ranar Juma'a aka tafi barci. Cikin dare wasu matasa huɗu suka fasa suka shiga, suka farfasa shimfiɗu, suka tattake jirage. Aikin da wasu dattawa suka shafe shekaru masu yawa suna yi ya zama tarkace kafin asuba. Ƙungiyar ta nemi taimakon fam 500 ta intanet. Cikin 'yan kwanaki abin da aka tara ya haura fam 100,000, daga ciki da wajen ƙasar. Mawaƙin nan Rod Stewart, wanda shi kansa ya shafe fiye da shekara 20 yana gina tasa shimfiɗar ta wani birnin Amurka na shekarun 1940, ya ba da fam 10,000. Kuɗi sun samu, amma ba su dawo da shekarun da aka zuba ba.

Girman abin ma ya wuce yadda ake zato. A Afrilun 2024, wani mai shirya waƙoƙi, Pete Waterman, da abokan aikinsa sun kafa shimfiɗa mai tsawon ƙafa 208, sama da mita 63, a babbar cibiyar baje koli ta Birmingham, ta shiga kundin Guinness a matsayin mafi girma cikin waɗanda ake kwancewa a ɗauka. A birnin Hamburg na Jamus kuma akwai wata shimfiɗa mai suna Miniatur Wunderland, wadda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Dogonta ya haura kilomita 16, gari yana wayewa dare yana yi a cikinta duk minti 15. Amma ita a kafe take, mutane ne ke zuwa wurinta.

Duk da haka akwai abin tsoro. Baje kolin da ya fi kowanne suna a Birtaniya a da shi ne na ƙungiyar Warley, wanda aka riƙa yi a waccan cibiya ta Birmingham tun 1993. A Janairun 2024 ƙungiyar ta sanar cewa ta daina shirya shi a can. Cikin dalilan da ta bayar har da tsadar abubuwa da kuma tsufan 'yan sa kai da ke ɗauke da nauyin aikin. A wannan watan dai, shagon Hattons, wanda ya fara sayar da irin waɗannan kaya a Liverpool tun 1946, shi ma ya sanar da rufewa. Ba mutuwa sha'awar ta yi ba, ana ci gaba da taruka. Amma kun ga dalilin da ya sa na daɗe a kan maganar yaron nan da aka miƙa wa na'ura. Hannun da zai ɗauki katakon nan bayan shekara talatin, yau yana tsaye a kan 'yar kujera yana leƙe.

Saura abu guda, kuma shi ne ya sa na ga maganar ta shafe mu. Wani mutum mai suna Roye England ya zo Ingila daga Ostireliya a 1925. Ya ga ƙauyukan wani kwari da ake kira Vale of White Horse, gidajensu masu rufin ciyawa, ya kuma lura ana rushe su ana sauya musu kama. Sai ya shiga bin su gida-gida yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin bango, ya dawo ya gina su da kwali a kan ma'aunin 1 cikin 76. Aikin nan shi ya zama gidan tarihi na Pendon, wanda aka kafa a 1954 a ƙauyen Long Wittenham. Shi ya rasu, wasu suka ɗora. Yau wanda ke son ganin yadda karkarar nan take a shekarun 1920 da 1930, da jiragen da ke ratsa ta, can yake zuwa.

Jama'a, mu ma muna da dogo, kuma yana da tarihi. Jirgi ya iso Kano a 1911. Ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. An yi wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, wanda ya riƙa ɗauko kuza daga 1914 har aka rufe shi a 1957. An yi zamanin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, buhu kan buhu, tana jiran taragai su kai ta Ikko. An yi kawunan jirgi masu aiki da kwal waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar nan. Yaran da suka fara sanin jirgi da layin Abuja zuwa Kaduna na 2016 ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kuma lissafin ba gagara zai yi ba. Tsohon dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, irin na Afirka ta Kudu. In ka raba gida 87 za ka samu milimita 12 da ɗan kai, kuma ana sayar da ƙaramin dogo mai milimita 12. Na Zariya zuwa Jos kuwa dogo mai milimita 9 zai yi masa. Wutar bolt 12 ita ce ta batirin mota da na sola. Ba zan ɓoye muku ba, jiragen suna da tsada, sabon kan jirgi guda a Ingila sau da yawa ya haura fam 150, kuma ƙurar hunturu za ta ba duk mai shimfiɗa a ƙasarmu aiki, sai ya yi mata murfi. To amma ba dole ne a fara da jirgi mai motsi ba. Tasha da dalar gyaɗa da rumfar masu awo da gidajen ma'aikata, duk kwali da kara da gam da fenti sun isa. Yaran da ke ƙera motar kara da ta gwangwani a unguwanninmu, har da ƙofa mai buɗewa da sitiyari, hannun suna da shi. Abin da ya rage a koya musu shi ne awo: a je a auna abu na gaske, a raba da 87, a yanka daidai. Wannan kuwa darasin lissafi ne, da na zane, da na tarihi, a zama ɗaya.

Don haka ina kira ga malamanmu na makarantun sakandare da na koyon sana'a, ku gwada wannan da ɗalibanku, ko da a kan katako guda ne mai santimita 120. Ku zaɓi tashar garinku. Ku yi shi yadda zai ɗauku, domin a kai shi ranar iyaye, ko kasuwar baje koli ta Kaduna ko ta Kano, a ajiye shi ƙasa-ƙasa inda ƙananan yara za su gani, ɗaliban da suka gina su tsaya su yi wa jama'a bayani da bakinsu.

Ku kuma iyayenmu da kakanninmu da kuka yi aikin reluwe, direbobi da masu zuba kwal da masu sayar da tikiti da leburorin dogo, da ku da kuka yi dako a filin gyaɗa, ku ne kuka san inda tankin ruwa yake, da launin taragon fasinja, da ta wace ƙofa ake shiga. Don Allah ku zaunar da jikokinku ku gaya musu, su rubuta, su zana. Wanda ke da tsohon hoto a ƙasan akwati ya fito da shi a ɗauka a waya tun bai lalace ba.